Bindigar .22 mai sauƙin kuɗi don harbin dabbobin ƙarfe: wacce zan saya?

Ɗan_Gwale_Tucson:
Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. Ranar Asabar da ta wuce wani abokin aikina ya ja ni filin harbi, ya ara mini bindigarsa .22, wato mai ƙaramin harsashi, na shiga gasar da suke kira siluwet. Ga wanda bai taɓa gani ba: ƙananan dabbobi ne na ƙarfe ake jerawa a kan dogon ƙarfe, kaji a mita 40, aladu a mita 60, talotalo a mita 77, raguna a mita 100. Kana tsaye kan ƙafafunka za ka harba, babu jingina, babu ɗamara. Harbi 40, goma ga kowace dabba. Na kayar da shida kacal, amma ƙarar nan da ƙarfen yake yi idan harsashi ya same shi, ka ga ragon ya kife, har yau tana kunnena. Na yanke shawarar mallakar tawa. Abin da zan iya fitarwa gaba ɗaya, bindiga da madubin hange da 'yan tarkace, bai wuce dala 800 ba, saboda ga hidimar gida ga aike Kano kowane wata. Na ji ana ambaton CZ 457 da Savage Mark II, wani kuma ya yi mini tayin Ruger 10/22 ta hannu. Wacce ce ta fi dacewa da mai koyo irina?

Bakatsine_Houston:
Wa alaikumus salam. CZ 457 American, kada ka wahalar da kanka. Shekara uku ke nan ina amfani da ita.

Baba_Sajan_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Barka da shigowa. Kafin maganar wacce za ka saya, ka fara sanin rukunin da za ka shiga, don shi zai yanke maka hukunci. A dokar NRA, ƙungiyar masu bindiga ta Amurka da ke tsara gasar, rukuni biyu ne. Akwai na bindigar farauta: nauyinta da madubi da komai kada ya wuce laba 8 da rabi, wato ƙasa kaɗan da kilo 4, kunamarta kuma kada ta sake da jan da bai kai laba 2 ba, hancinta, wato bututun da harsashi yake bi, ya zama irin na farauta mai sirancewa zuwa gaba. Sai rukunin da suke kira sitanda, wanda aka yarda nauyi ya kai laba 10 da oza 2 (oza 16 ne laba ɗaya), kunama kuma ko mai laushin gaske ce matuƙar ba ta tashi da kanta. Abin lura a nan shi ne bindigar farauta tana shiga duka rukunin biyu, amma ta sitanda ba ta shiga na farauta. Mai dala 800 ya sayi ta farauta, ya yi gasa biyu a rana ɗaya da bindiga ɗaya. Kuma ka gode wa Allah da garin da ya ajiye ka. Daga Mekziko wasan ya tsallako, ta bakin iyakar Arizona, kuma a nan Tucson ɗin aka yi gasar ƙasa ta farko da NRA ta ɗauki nauyi a 1973. Ba za ka rasa dattawan da za su koya maka ba.

Ɗan_Gwale_Tucson:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ban san wannan bambancin ba sam. Da na je kanti an nuna mini wata mai kaurin hanci, mai kantin ya ce ita ce ta fi saiti, saura kaɗan in ba da kuɗin ajiya.

Baba_Sajan_Mai_Ritaya:
Allah ya tsare ka. Mai kaurin hanci ta harbin kan tebur ce. Masu kanti da yawa ba su taɓa tsayawa a layin siluwet ba, abin da suka sani suke faɗa.

Malam_Zazzau_Ohio:
Ni ina da ja a kan maganar Bakatsine. Ba na musun CZ bindiga ce mai kyau, amma ku yi lissafi. Sabuwa za ta cinye masa fiye da rabin kuɗin, ga haraji, ga zoben ɗaure madubi, ga jaka, ga abin toshe kunne da tabarau. Me zai rage na madubi? A wannan wasan madubi ya fi bindiga muhimmanci, wannan na gani da idona. Tsakanin kaza da rago sai ka murɗa saitin sama sau uku a kowace gasa, ka dawo da shi ƙasa, wata ya bi wata. Madubi mai arha yana yi maka ƙarya: ka murɗa zuwa lambar rago, ka dawo lambar kaza, harsashi ya faɗa wani wuri daban. Na sha wannan wahalar wata shida ina zargin hannuna. Savage Mark II na saya ƙasa da dala 300, kunamarta AccuTrigger ana iya daidaita ta a gida, ragowar kuɗin na zuba a madubin Sightron na hannu. Daga nan maki na ya tashi daga 9 zuwa 17 cikin 'yan watanni, bindigar ba ta canza ba.

Bakatsine_Houston:
Malam Zazzau, gaskiyarka a kan madubi, ban ja ba. Amma ƙotar Savage ta roba ba ta da tudun kunci. Kana tsaye, kanka a miƙe, kuncinka yana yawo a iska. Yaya ka yi da wannan?

Malam_Zazzau_Ohio:
Na ɗaura mata matashi da farko, daga baya wani dattijo a kulob ya ja hankalina cewa a rukunin farauta akwai iyakar da aka sa wa tudun ƙota, kada in wuce. Na rage shi. Ba ta kai CZ zama a kafaɗa ba, na yarda. Amma ta kai ni ajin AA, ɗaya daga azuzuwan da ake raba maharba bisa makinsu.

Mai_Goro_Bronx:
Ku gafarce ni, ni baƙo ne a wannan harka, daga Zongon Kumasi. Me ake nufi da rimfaya ɗin nan da nake ji? Kuma me ya sa mita 77, ba 80 ba?

Injiniya_Dutse:
Mai Goro, harsashi iri biyu ne. Akwai wanda abin ƙyastawarsa yake tsakiyar gindin kwanso, allurar bindiga ta buga tsakiya. Akwai wanda sinadarin ƙyastawar yake zagaye cikin leɓen gindin kwanson, allura ta matse gefen leɓen sai albarushi ya kama. Wannan na biyun shi ne rimfaya, kuma .22 LR shi ne sarkinsu: ɗan ƙarami, ba ya naushin kafaɗa, ƙararsa kaɗan, ga arha. Batun 77 kuma, asalin wasan da manyan bindigogi ake yi, kaji a mita 200, aladu 300, talotalo 385, raguna 500. Da aka zo yin na .22 sai aka raba komai biyar, nisan da girman dabbobin. Ka raba 385 biyar, ga 77. Shi ya sa ragon bai fi tsawon tafin hannunka ba, kazar kuwa za ka iya rufe ta a cikin hannu.

Mai_Goro_Bronx:
Madalla, na fahimta. Allah ya saka.

Abu_Fatima_Minneapolis:
Ni tambayata daban ce, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Mu da 'yan'uwanmu a Zamfara da Katsina da Sakkwato ba sa barci saboda bindiga, garuruwa sun tashi, manoma ba sa zuwa gona, ya dace mu zauna a nan muna tattauna wacce bindiga ce ta fi daɗin wasa? Ƙanen mahaifiyata kwana 40 ya yi a daji kafin a karɓo shi. Idan na ga hoton bindiga gabana faɗuwa yake. Ban ce haramun kuke yi ba, amma raina bai kwanta ba.

Baba_Sajan_Mai_Ritaya:
Abu Fatima, Allah ya ƙara wa kawunka lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Maganarka ba ta wasa ba ce, kuma ba zan ce maka ka daina jin abin da kake ji ba. Ni ma daga ƙasar Gusau iyayena suka fito. Abin da zan iya shaida maka shi ne abin da na gani a filin nan shekara da shekaru. Bindiga tana zuwa a jaka, sakatarta a buɗe, da 'yar tuta a cikin ɗakin harsashi don kowa ya ga babu komai ciki. Ba wanda zai taɓa tasa idan mutane suna gaba suna tayar da dabbobi. Wanda ya karya wannan sau ɗaya za a yi masa magana a gaban kowa, ya maimaita a sallame shi. A wurin nan na ga yara 'yan shekara 12 sun koyi cewa bindiga ba abin nuna isa ba ce. Da samarinmu na gida sun taso da irin wannan tarbiyya a kan makami, da na fi kowa murna. Amma wanda zuciyarsa ba ta so, ya yi nesa da ita, babu laifi.

Abu_Fatima_Minneapolis:
Na gode Baba da ka amsa mini da mutunci. Har yanzu ba zan iya riƙe ta ba, amma na ji bayaninka.

Hajiya_Maman_Hanan:
Assalamu alaikum. Ni mace ce amma bari in sa baki, don 'yata ce take wannan wasa, ta fara ta ƙungiyar matasa ta 4-H a ƙaramar hukumarmu. Ɗan Gwale, abin da ban ga an faɗa maka ba: kada ka sayi komai tukuna. Ka koma gasa sau biyu ko uku hannu rabbana, da kwalin harsashinka kawai. Mutanen siluwet suna son ba da aro, har gasa suke yi wajen miƙa wa baƙo bindigarsu. Hanan ta ɗauki iri biyar kafin mu saya. Wadda mahaifinta ya so a takarda, da ta ɗaga ta sai hancin ya rinjaye ta, kafin dabba ta uku hannunta na rawa. Wadda ta zauna mata tsohuwar CZ 452 ce da wata tsohuwa a kulob ta sayar mana, ƙotar duk ta goge amma cikin hancin kamar madubi. An daina ƙera 452, sai ta hannu, kuma ka lura makullin tsaronta a juye yake, gaba ake turawa a kulle. A 457 sun gyara wannan.

Ɗan_Gwale_Tucson:
Hajiya na gode ƙwarai, Allah ya yi wa Hanan albarka. Ina jin nauyin sake roƙon aro ne, shi ya sa nake gaggawa.

Hajiya_Maman_Hanan:
Kada ka ji nauyi. Ka riƙa taimaka musu tayar da dabbobi da fesa musu fenti tsakanin zagaye, ka zo da wuri a jera ƙarafa da kai. Wannan ya biya aron.

Lauya_Ba_Lauya_Ba:
'Yan'uwa ku dakata da maganar samfuri, akwai abin da ya fi shi girma. Ɗan Gwale, wace irin takarda kake zaune da ita? Ba sai ka amsa a nan ba. Amma kowa ya sani, dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ya shigo da bizar zama na wucin gadi, kamar ta ɗalibi ko ta aiki ko ta ziyara, mallakar bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da dokar ta yi, wadda aka fi sani ita ce ya kasance yana da lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Hanin ya shafi riƙewa ma, ba saye kaɗai ba, don haka ko aro a filin harbi yana iya jefa mutum cikin matsala. Mai katin zama na dindindin yana iya saye, ya cika fom ɗin sayen bindiga mai lamba 4473, a bincika sunansa. Ƙarya a kan fom ɗin babban laifi ne. Sannan kowace jiha da nata: abin da Arizona ta ƙyale, New York ba ta ƙyale ba, balle cikin birnin, Mai Goro ka ji. Ɗalibanmu musamman, don Allah ku tambayi lauyan shige da fice kafin ku taɓa. Wasa ba zai sa a rasa zama ba.

Ɗan_Gwale_Tucson:
Alhamdu lillahi katin zama nake da shi tun shekara huɗu. Amma wannan tunatarwa tana da amfani, akwai ɗalibai biyu da na so in gayyata, yanzu na fasa sai sun bincika.

Dogo_Calgary:
Mu a Kanada sai ka yi kwas ɗin tsaro ka samu lasisin mallakar bindiga da ake kira PAL kafin ka sayi ko harsashi ɗaya. Ni Tikka T1x nake riƙewa, 'yar Finland, sakatarta santsi, kunamarta tsaf tun daga kwali. Sai dai ba ta da nauyi sosai kuma hancinta gajere ne, ga mai tsayi irina tana yawo a iska. Farashinta kusa da na CZ ne ko sama, don haka ba ta warware matsalar Malam Zazzau ba.

Bakatsine_Houston:
Mu dawo kan 10/22 da ya ambata, ba wanda ya taɓa ta. Ni dai ban ba da shawara ba. Kunamarta daga kamfani tauri gare ta, sai ka ja ka ja kafin ta sake, a tsaye kuwa wannan jan shi ke kauda kai daga kan kaza. Kafin ka canza kunama, ka canza hanci, ka canza ƙota, ka kashe kuɗin CZ har da ƙari.

Yaro_Mai_Ruger:
Yaya Bakatsine, da girmamawa, ni da 10/22 na fara kuma ban yi nadama ba. Tun 1964 ake ƙera ta, kayan gyaranta ko'ina, kunama kawai na canza. Ita take ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, ba ka sauke ta daga kafaɗa don ja sakata, ga mai koyo wannan sauƙi ne. Matsala ɗaya da na samu, kwansonta yana fallatsa wa na damana, sai da na riƙa neman tsayawa a ƙarshen layi.

Baba_Sajan_Mai_Ritaya:
Yaro, rashin sauke ta ɗin da kake ganin sauƙi ne, shi ne illar. Minti biyu da rabi aka ba ka don dabba biyar, bayan daƙiƙa 15 na shiri. Wato daƙiƙa 30 ga kowane harbi, lokaci ne mai yawa. Gwanaye suna harbi, su sauke bindiga, su yi numfashi, su sake ɗagawa. Wanda ya riƙe ta sama tun daga ta farko har ta biyar, jijiyoyinsa sun gaji kafin ya kai ta huɗu. Sakata tana tilasta maka ka huta. Kuma ku tuna daga hagu zuwa dama ake bi, harsashi ɗaya ga dabba ɗaya. Ka kuskure ta biyu, ka wuce ta uku. Ka kayar da wadda ba layinta ba, ba a ƙirga maka. Ka same ta ta juya amma ba ta faɗo daga kan ƙarfen ba, babu maki. Mai sauri shi ya fi yin irin wannan kuskure.

Yaro_Mai_Ruger:
Haka ne Baba. Watan jiya na kayar da talotalon maƙwabcina ma saboda gaggawa.

Ustaz_Bichi:
Salamu alaikum. Na ga an ce daga Mekziko wasan ya fito, wani ya taɓa gaya mini da dabbobi masu rai ake yi. Idan haka ne akwai magana, domin hadisi ingantacce ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi.

Injiniya_Dutse:
Ustaz, a da can haka ne. A ƙauyukan arewacin Mekziko ana ɗaure kaza ko tunkiya ko talotalo daga nesa a ranar biki, wanda ya same ta ya ɗauka. Daga baya aka maye su da na ƙarfe, gasar farko ta ƙarfe a birnin Mekziko aka yi ta a 1948. Sunan ma daga can ne, siluetas metalikas, kuma har yau a wasu filayen Amurka mai kira yana cewa listo, sannan fuwego, wato shirya, harba. Yanzu babu rai ko ɗaya a ciki, farantin ƙarfe ne aka yanka. Aladen ma ba na gida ba ne, wata dabbar dajinsu ce mai kama da gadu.

Ustaz_Bichi:
To alhamdu lillahi, wannan sauyi alheri ne. Koyon harbi kansa abu ne da aka kwaɗaitar a kai. Sai dai a kiyaye lokacin salla, kuma idan akwai kuɗin shiga da ake rabawa a matsayin kyauta, mutum ya tambayi malaminsa.

Na_Maradi_Greensboro:
Sannunku da hira. Ni abin da ya ci mini kuɗi ba bindiga ba ne, harsashi ne, kuma ban ji kun sa shi cikin lissafin dala 800 ba. Bindiga sau guda kake saye, harsashi kowane mako. Kowace .22 da irin abincin da take so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Ka sayi kwali guda guda na iri huɗu ko biyar, CCI Standard Velocity, SK, Eley mai arha, Aguila, ka zauna kan tebur rana marar iska ka gwada su a mita 100, ba a 50 ba. A 50 duk suna kama da juna, a wurin rago ne mai kyau yake rabuwa da marar kyau. Ka tsaya kan mai matsakaicin gudu, mai nauyin giren 40, wajen ƙafa 1070 a daƙiƙa, wanda bai kai gudun sauti ba. Masu gudun tsiya irin su Stinger an hana su ma, suna lotsa dabbobin. Na taɓa sayen babban bokiti na mai arha a wani kanti don in yi tattali, cikin kowane goma sai ɗaya ya yi ƙara daban ya faɗi ƙasa da ƙafar rago. A banza na yi asarar wata biyu.

Malam_Zazzau_Ohio:
Na Maradi ya faɗi gaskiya. Amma kada mai koyo ya tsorata ya je ya sayi Lapua mai tsada. Wanda yake kayar da shida cikin 40, rawar jikinsa ta fi bambancin harsashi girma sau goma. CCI ya ishe shi shekara guda.

Alhaji_Anschutz:
Ku yi haƙuri in faɗi ra'ayi marar farin jini. Na bi duk wannan hanya: Savage, sannan CZ, sannan na ƙare a Anschütz 1712, wadda Jamusawa suka ƙera musamman don wannan rukuni. Da na haɗa kuɗin da na kashe a hanya, ya kusa kuɗinta. Kunamarta mai hawa biyu ce, ka ja ta tsaya, ka jira ɗigon madubi ya shiga cikin dabba, ka ƙara kaɗan ta tashi. Duk wanda ya san zai daɗe a wasan, ya yi haƙuri ya tara kuɗi ya saya sau ɗaya.

Hajiya_Maman_Hanan:
Alhaji, da girman kujerarka, yaron nan ya ce dala 800 gare shi kuma yana aike gida. Waccan ta haura dala 2000 ba madubi. Idan ya jira sai ya tara, shekara biyu za su wuce bai harba ko ɗaya ba, sha'awar ta mutu. Kuma kai ma ai a kan Savage ɗin ka koyi tsayuwa.

Alhaji_Anschutz:
Hajiya kin kama ni da gaskiya, a kanta na koya. Na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba: ya sayi abin da zai iya sayarwa ba da asara ba. CZ tana riƙe darajarta a kasuwar hannu.

Bakatsine_Houston:
Game da ƙarfin madubi, Ɗan Gwale, za ka ga gwanaye da mai kusantarwa sau 24 ko 25, kada ka kwaikwaye su yanzu. A wannan ƙarfin za ka ga bugun zuciyarka a cikin gilashi, talotalo yana shiga yana fita, sai ka firgita ka fizgi kunama. Nemi mai canzawa, ka fara a 10 ko 12, kana ƙarawa a hankali. Dole ya zama ana iya daidaita shi ya ga mita 40 tar, kuma maɓallan murɗawarsa su zama masu lamba da ake juyawa da yatsa. Ka rubuta lambobin dabbobi huɗun a 'yar takarda ka manna a jikin ƙota. Kuma ka auna komai a sikeli kafin ranar gasa. Tawa da madubi da zobba da gidan harsashi ba ta kai laba 8 ba, amma na ga wanda aka mayar rukunin sitanda saboda oza biyu.

Dogo_Calgary:
Akwai kuma hanyar da ta fi duk waɗannan arha, idan kulob ɗinku suna yi: siluwet na bindigar kaboyi. Bindiga .22 mai bututun harsashi a ƙarƙashin hanci, irin Henry ko tsohuwar Marlin 39A, babu madubi sam, dabbobin sun fi girma, a mita 40, 50, 75 da 100. Kuɗin madubi ya fita daga lissafi gaba ɗaya.

Injiniya_Dutse:
Ko ta bindigar iska, dabbobinta kashi ɗaya cikin goma na girman na asali, rago a yadi 45. Amma shi abin da ya ɗanɗana ya ce yana so.

Baba_Sajan_Mai_Ritaya:
Ɗana, ko wacce ka saya, ga aikin gida. Yanka hoton talotalo ɗan ƙarami ka manna a bango, don shi ne ya fi cin mutane, jikinsa ba shi da fasali ga wuya ga jela. Tabbatar bindiga babu komai, harsashi yana wani ɗaki a kulle. Sa kwanson roba a ɗakin harsashi, domin rimfaya idan allura tana bugun ƙarfe tsirara tana iya lotsa bakin ɗakin. Tsaya, nauyinka a kan ƙashi, gwiwar hannun hagu a jikin haƙarƙari ko kan ƙugu, ka ɗaga, ka saki rabin numfashi, ka matsa kunama, ka ci gaba da kallo bayan ta tashi. Minti 15 bayan sallar asuba. Ɗigon ba zai taɓa tsayawa cak ba, ko a hannun 'yan ajin Master, ajin ƙoli, sai dai da'irar da yake yawo a ciki ta ƙanƙance. Idan ka dawo daga fili ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, domin harsashin na dalma ne. A gida kuma akwati mai makulli, wannan ka sa shi cikin dala 800 ɗin tun yanzu.

Ɗan_Gwale_Tucson:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga inda nake: na bar maganar mai kaurin hanci, 10/22 ma na ce wa mai ita ya ba ni lokaci. Na kira abokin aikina, ya ce akwai wani dattijo a kulob da yake son rabuwa da CZ 452 da madubin Weaver a kanta, zai kawo ta gasar wata mai zuwa in harba 40 da ita. Idan ba ta zauna mini ba, zan gwada lissafin Malam Zazzau. Tambaya ɗaya ta rage: me zan duba a bindigar hannu kafin in biya?

Malam_Zazzau_Ohio:
Duba bakin hancin, zagayen da harsashi yake fita, kada ya zama da tabo. Duba gefen ɗakin harsashi ko allura ta lotsa shi. Madubin kuma ka murɗa shi sama zuwa rago ka dawo kaza sau uku, ka harba a takarda, ka ga ko yana komawa rami ɗaya.

Lauya_Ba_Lauya_Ba:
Kuma ko da jiharku ta yarda da ciniki hannu da hannu, ni na fi son ku je wurin dila mai lasisi a yi canjin a rubuce. 'Yan daloli ne kaɗan.

Bakatsine_Houston:
Idan ya ce 452 ɗin ta wuce dala 450 ba madubi, ka dawo mu yi magana, don a nan sabuwar 457 ta fara yin ma'ana.

Na_Maradi_Greensboro:
Ka tambaye shi irin harsashin da take so, dattawan nan suna da littafin da suke rubuta komai. Zai rage maka kwali huɗu.

Mai_Goro_Bronx:
Ni dai yanzu sha'awa ta kama ni. Akwai wanda ya san kulob da ake yin wannan kusa da mu, ko sai na tsallaka Pennsylvania?